Kwabon Mai Shiru: Ɗan Dakon da Ya Maka Ƙungiyarsa a Kotu

A tashar jirgin ƙasa ta Clapton, can gabashin Landan, an yi wani ɗan dako mai suna Walter Osborne. Akwatunan fasinjoji yake ɗauka, albashinsa kuwa na talaka ne. Cikakken ɗan ƙungiyar ƙwadago ne, domin shi ne sakataren reshen Walthamstow na ƙungiyar ma'aikatan reluwe da ake kira ASRS a taƙaice. Shi ke tara kuɗin mambobi, shi ke rubuta abin da aka tattauna a taro. Da ƙuruciya ma ya taɓa zama ɗan gurguzu, daga baya ya sauya ra'ayi ya koma bayan jam'iyyar Libaral. Wannan mutum ne ya maka ƙungiyarsa a kotu, yana tambaya guda: da wane dalili za a yanki kuɗinsa a bai wa jam'iyyar da ba ya zaɓa?

Ranar 21 ga Disamban 1909, Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a wancan zamani ita ce kotun ƙoli, ta ce Osborne ne ke da gaskiya. Sama da shekara 100 ke nan, amma har yau Turawan Ingila ba su gama da maganar ba.

Kafin a fahimci zafin shari'ar sai an san cewa a lokacin ba a biyan ɗan majalisar Birtaniya ko sisi. Kujerar majalisa ta masu gonaki ce da masu masana'antu da manyan lauyoyi, mutanen da za su iya zama a Landan wata da watanni suna ci daga aljihunsu. Lebura in ya ci zaɓe, wa zai ciyar da iyalinsa? Shi ya sa tun 1874, da masu haƙar kwal suka tura Thomas Burt da Alexander Macdonald majalisa, ƙungiyoyinsu ne suka ɗauki nauyinsu. An yi shekara 30 ana haka ba wanda ya je kotu. Dalili shi ne waɗannan wakilai a inuwar jam'iyyar Libaral suke zama, kuma yawancin ma'aikata masu ƙuri'a can zuciyarsu take. Osborne kansa bai ƙi a biya wa ma'aikaci hanyar zuwa majalisa ba.

Abin da ya sauya shi ne haihuwar sabuwar jam'iyya, kuma ƙungiyar Osborne ce ungozoma. Daga reshenta na Doncaster aka fito da shawarar da babban taron ƙungiyoyin ƙwadago, TUC, ya amince da ita a 1899, cewa a kira taro don samar wa ma'aikata wakilci na ƙashin kansu. A ƙarshen Fabrairun 1900 aka hallara a wani zaure a titin Farringdon a Landan, aka kafa kwamitin wakilcin ma'aikata, aka naɗa Ramsay MacDonald sakatare. A zaɓen wannan shekara suka tsayar da mutum 15, biyu suka ci: Keir Hardie, da Richard Bell, wanda shi ne babban sakataren ASRS.

Da farko manyan ƙungiyoyi sun yi ta jan ƙafa. Alƙalai ne suka kora su cikin jam'iyyar. A Agustan 1900 ma'aikatan wani kamfanin jirgin ƙasa mai suna Taff Vale, a kudancin yankin Wales, suka shiga yajin aiki. Manajan kamfanin, Ammon Beasley, ya kai ƙungiyar kotu yana neman diyyar asarar da ya yi, kuma a 1901 Majalisar Dattawa ta yanke cewa ana iya kama dukiyar ƙungiya a biya irin wannan diyya. ASRS ta biya fam 23,000, in aka haɗa da kuɗin shari'a abin ya kai wajen fam 42,000. Kowane sakataren ƙungiya a ƙasar ya duba asusunsa ya gane cewa yajin aiki ɗaya zai iya talauta shi. Doka kuwa a majalisa ake canja ta. Cikin shekara biyu adadin mambobin ƙungiyoyin da suka yi rajista da kwamitin ya tashi daga kimanin 350,000 zuwa kusan 850,000.

A 1903 aka kafa asusun majalisa: kowace ƙungiya ta biya kwabo ɗaya a shekara a kan kowane mamba. Shi ne dai kwabon jan ƙarfen nan da kakanninmu suka sani, wanda 12 suke yin sule. Daga wannan asusu za a riƙa ba kowane ɗan majalisa fam 200 a shekara, da sharaɗin ya sa hannu cewa zai bi tsarin jam'iyya da umarninta. A zaɓen 1906 suka samu kujeru 29, suka raɗa wa kansu suna jam'iyyar Leba, kuma kafin shekarar ta ƙare an yi dokar da ta goge hukuncin Taff Vale. Kwabo ya yi rana.

Wannan sa hannu shi ne ya tsaya wa Osborne a maƙogwaro. A ganinsa, 'yan gurguzu, waɗanda tsiraru ne a cikin ƙungiya amma ba sa fashin taro, sun ƙwace asusun da aka tara don marar lafiya da gwauruwa da wanda aka kora daga aiki, suna gina jam'iyyarsu da shi. Mamba kuwa ba shi da mafita. In ya ƙi biya ya fita daga ƙungiya, ya yi asarar duk abin da ya zuba shekara da shekaru. Alƙalin farko ya kori ƙararsa a 1908. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a wannan shekarar, ƙungiya ta ɗaukaka zuwa sama, can ma ta sha ƙasa.

Alƙalai biyar suka zauna, kuma hujjojinsu ba ɗaya ba ne. Mafi rinjaye, ciki har da Lord Halsbury da Lord Macnaghten, waɗanda dukkansu sun zauna a shari'ar Taff Vale, suka ce dokokin 1871 da 1876 sun zayyana ayyukan ƙungiyar ƙwadago, babu siyasa a ciki, saboda haka duk kuɗin da aka kashe a kanta ya saɓa doka. Lord Shaw ya bi ta wata hanya. Shi abin da ya dame shi ɗan majalisar da ke karɓar albashi daga wata ƙungiya bisa alkawarin zai yi mata biyayya: irin wannan wakili, a cewarsa, ya sayar da 'yancin da ya kamata ya yi wa mazaɓarsa aiki da shi. Abin lura shi ne hujjar masu rinjaye ta wuce abin da Osborne ya roƙa nesa ba kusa ba. Ya nemi a daina tilasta masa, aka ba shi hukuncin da ya haramta wa ƙungiya siyasa baki ɗaya, ko da duk mambobinta sun yarda.

Ƙungiyar ba ta yafe masa ba. Ta kore shi, ta rushe reshen Walthamstow, shugabanninta suka yi ta zargin cewa attajirai ne ke bayansa. Sai da ya sake komawa kotu a kan korar. A gefe guda kuma, mambobi a wasu ƙungiyoyin suka bi sawunsa, kotuna suka yi ta ba da umarnin dakatar da kuɗin siyasa, ga shi kuma an yi babban zaɓe har sau biyu a 1910. Leba ta fita da kujeru 40 a na farko, 42 a na biyu, amma aljihu ya bushe. Ƙungiyoyin da suka gwada karɓar gudummawar ganin dama sun sha mamakin ƙanƙantar abin da ya shigo.

Gwamnatin Libaral ta Asquith tana buƙatar ƙuri'un Leba a majalisa, don haka ta yi gyara kashi biyu. A 1911 aka fara biyan 'yan majalisa fam 400 a shekara daga baitulmali, Leba kuma ta janye sharaɗin sa hannun nan. Ke nan albashin da kowane ɗan majalisar Birtaniya ke karɓa yau, akwai hannun ɗan dakon Clapton a ciki, ko da bai nufa ba. Sai kuma dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta 1913, wadda ita ce ƙashin bayan tsarin har yanzu. Ta ce ƙungiya tana iya siyasa, amma sai ta fara jin ra'ayin mambobi ta ƙuri'ar sirri. In sun yarda, a buɗe asusu na dabam, kada kuɗin siyasa ya gauraya da na jin daɗin mambobi. Duk wanda ba ya so ya cike takarda a cire shi, kuma haramun ne a tauye masa wani haƙƙi saboda haka.

Ƙuri'un da aka kaɗa sun nuna Osborne ba shi kaɗai ba ne. A ƙungiyar masu haƙar kwal, wadda ta fi kowace girma, fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka yi zaɓe sun ce ba sa son asusun. Amma da aka zo cike takardar fita, kaɗan ne suka cike. A sirrance mutum ya ce a'a, amma ya je gaban sakataren reshe, maƙwabcinsa kuma abokin aikinsa a cikin rami, ya nemi fom ɗin fita? Wannan sai mai taurin kai. Ga kuma kasala irin ta ɗan Adam: kuɗin bai kai na kofin shayi a mako ba, wa zai ɓata yammacinsa a kansa?

Daga nan gardamar ta sauka daga kan aƙida ta koma kan takarda. Mai cewa e ya san kansa, mai cewa a'a ma ya san kansa. Rigimar a kan na ukun ce, wanda bai ce komai ba, kuma shi ne mafi yawa. Kwabonsa na wa ne?

'Yan jam'iyyar Conservative, masu ra'ayin riƙau, sun ce nasa ne har sai ya miƙa da hannunsa. A 1925 wani ɗan majalisarsu, Frederick Macquisten, ya kawo ƙudurin juya tsarin. Firaminista Stanley Baldwin, shugaban jam'iyyarsa, ya tashi ya roƙi mutanensa su bar maganar don a zauna lafiya da ma'aikata, suka kuwa bari. Zaman lafiyar bai daɗe ba. A Mayun 1926 aka yi yajin aikin gama-gari na kwana tara don mara wa masu haƙar kwal baya, ƙungiyoyi suka sha kaye, kuma a 1927 gwamnatin Baldwin ɗin nan ta yi dokar da ta hana yajin gama-gari, ta raba ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati da TUC da Leba, ta kuma juya takardar. Yanzu wanda ke son biya shi zai sa hannu.

Alƙaluman da suka biyo baya su ne aka fi ambata duk lokacin da maganar ta tashi. Mambobin da ƙungiyoyi ke biya wa kuɗi ga Leba sun faɗo daga miliyan 3.2 a 1927 zuwa miliyan 2 a 1928. Wani ɓangare na faɗuwar ficewar ma'aikatan gwamnati ce, amma mafi yawa takardar ce. Da Leba ta ci zaɓen 1945 a ƙarƙashin Clement Attlee, soke dokar 1927 na cikin ayyukanta na farko-farko, a 1946. Adadin ya yi tsalle daga miliyan 2.6 zuwa kusan miliyan 4.4 a 1947. Ba wani wa'azi aka yi ba a wannan shekara da ya sauya zukatan mutum kusan miliyan biyu. Fom aka juya, kuɗi suka bi shi.

Kowane ɓangare ya karanta alƙaluman yadda ya yi masa daɗi. Masu ra'ayin riƙau suka ce ga shaida, miliyoyin mutane ana cin kuɗinsu ba da son ransu ba. 'Yan ƙwadago suka ce shaidar dai ita ce tara sa hannu daga direbobi da ma'aikatan tashar jiragen ruwa da masu aikin dare wahala ce, kuma mutumin da bai cike takardar shiga ba, ai bai cike ta fita ba ma lokacin da yake da dama. Gaskiyar magana, duka biyun suna ɗora wa mai shiru maganar da bai faɗa ba. Kuma da wuya a ce tausayinsa ne ya motsa kowanensu: a 1927 jam'iyyar da ta ci zaɓe ta yanke wa abokiyar hamayyarta hanyar abinci, a 1946 abokiyar hamayyar ta maido da kayanta. A Ireland ta Arewa, inda sokewar 1946 ba ta shafa ba, tsarin sa hannun shiga ya ci gaba da aiki.

Akwai wata hujja da 'yan ƙwadago ke riƙe da ita wadda ke da nauyi. Jam'iyyar Conservative da kuɗin kamfanoni da attajirai take rayuwa, kuma shekaru da dama hukumar daraktoci ce kawai ke yanke shawarar ba da kyautar, ba a tambayar mai ƙaramin hannun jari. Sai a dokar shekarar 2000 aka wajabta wa kamfani neman amincewar masu hannun jari a dunƙule. Ko a nan, wanda aka rinjaya ba shi da takardar da zai cike a cire kasonsa. Ɗan ƙungiya ya samu wannan dama tun 1913.

Ita ma hujjar Osborne ba ta mutu ba. A zaɓen 1983, ƙasa da kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙungiyoyin ƙwadago ne suka zaɓi Leba, alhali mafi yawansu suna biyan kuɗin siyasa. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ga ƙofa a nan. Ta yi tunanin maido da tsarin 1927, daga baya ta tsaya a kan dokar 1984, wadda ta ce kowace ƙungiya ta sake jin ra'ayin mambobinta a kan asusun siyasa duk shekara 10. An zaci wasu asusun za su rushe. Tsakanin 1985 da 1986 ƙungiyoyi fiye da 30 suka kaɗa ƙuri'a, babu ko ɗaya da ta rasa asusunta, masu cewa e suka haura kashi 80 cikin 100. Shugabannin sun yi wayo: da kyar suka ambaci sunan Leba a kamfen ɗin, suka tsaya a kan cewa ƙungiya na buƙatar murya a majalisa. Har wasu ƙungiyoyin da ba su da asusun a da suka buɗe, domin dokar ta faɗaɗa ma'anar siyasa ta yadda tallar sukar manufar gwamnati gab da zaɓe ma sai daga wannan asusu za a biya ta. An haƙa rami, wanda aka haƙa wa ya mai da shi rijiya.

Wannan ya fito da wani bambanci da ake yawan mantawa. Asusun siyasa dabam, bai wa jam'iyya dabam. Ƙungiyoyin malaman makaranta suna da asusun amma ba su haɗe da kowace jam'iyya ba. Unison, ta ma'aikatan asibitoci da ƙananan hukumomi, ta raba nata gida biyu, ɗaya na Leba, ɗaya na fafutuka zalla, mamba ya zaɓi inda kuɗinsa zai shiga.

Najeriya ta gaji dokar ƙwadagonta daga Ingila, tun daga dokar 1938 da ta ba ƙungiyoyi damar rajista, kuma a nan ma ma'aikatan reluwe ne suka yi gaba, su Michael Imoudu. Amma a kan kuɗin jam'iyya hanya ta rabu. Sashe na 221 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana kowace ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, nema wa ɗan takara ƙuri'a ko zuba kuɗi a asusun jam'iyya. Saboda haka kuɗin da ake yanka daga albashin ma'aikaci tun daga tushe, tsarin da gwamnatin soja ta Obasanjo ta wajabta a 1978 lokacin da ta haɗe ƙungiyoyi zuwa 42 a ƙarƙashin uwar ƙungiyoyin ƙwadago, NLC, ba shi da halastacciyar hanyar shiga asusun jam'iyya. NLC ta gwada kafa jam'iyya a 1989, Babangida ya ƙi yi mata rajista tare da sauran masu neman rajista, ya kafa SDP da NRC. Ta sake gwadawa a 2002 zamanin Adams Oshiomhole, aka samu jam'iyyar da daga baya ta zama LP. Uwa ce da doka ta hana ta shayar da ɗanta, kuma bayan zaɓen 2023 an ga NLC da shugabannin jam'iyyar suna ta jayayya a bainar jama'a a kan wane ne mai gidan.

A Birtaniya kuwa takardar ta ci gaba da juyawa. Bayan wata rigima a 2013 a mazaɓar Falkirk, inda aka zargi ƙungiyar Unite da cusa mambobi don ɗan takararta ya samu tikiti, shugaban Leba na lokacin, Ed Miliband, ya kawo gyara a 2014: duk ɗan ƙungiyar da ke son a lissafa shi cikin magoya bayan jam'iyya sai ya faɗa da kansa. Sannan gwamnatin David Cameron ta yi dokar 2016, ta maido da sa hannun shiga. Majalisar Dattawa, wadda shekara 107 kafin nan ta ba Osborne gaskiya, ita ce wannan karon ta rage wa dokar kaifi, aka taƙaita ta ga sababbin mambobi, ta fara aiki sosai a Maris na 2018. A Oktoban 2024 gwamnatin Leba ta Keir Starmer ta gabatar da ƙudurin dokar haƙƙin ma'aikata, kuma cikin abin da ya ƙunsa har da mayar da fom ɗin yadda yake a 1946.

Osborne ya rayu har 1950, ya ga juyin 1927 ya ga na 1946. Tsohuwar ƙungiyarsa ta haɗe da wasu a 1913 ta zama NUR, a 1990 ta sake haɗewa da ta ma'aikatan jiragen ruwa ta zama RMT. Zamanin Tony Blair dangantaka ta yi tsami, domin gwamnatin Leba ta ƙi maido da reluwe hannun gwamnati bayan an sayar da ita ga 'yan kasuwa. A ƙarƙashin babban sakatarenta Bob Crow, RMT ta rage kuɗin da take bai wa Leba, ta kuma bar rassanta na Scotland su haɗe da wata jam'iyyar gurguzu ta can. A Fabrairun 2004, a watan da aka haifi jam'iyyar shekara 104 kafin nan, Leba ta kori RMT. Ƙungiyar tana nan da asusun siyasarta, tana tallafa wa 'yan takarar da ta ga dama, kuma da aka sake kawo maganar komawa Leba a 2018, ta ce a'a.